Masu Dubiya ta Bayan Danga

Duk ƙasar Ajingi babu garin da ya kai Tudun Gawo kula da mara lafiya. Wannan magana ce da ba a gardama a kanta. A wasu garuruwa mutum kan kwanta ciwo a yi masa sannu a wuce. A wannan ɗan ƙauye na gefen Gafasa kuwa, ko atishawa ka yi sai wani ya iso da ƙulli a aljihu, kuma ba zai tashi ba sai ya ga maƙogwaronka ya motsa. Saboda haka ranar da Malam Uthman, mai makarantar Islamiyyar garin, ya rasu jini na zuba a jikinsa, babu wanda ya kawo zancen sakaci. A garin da ba a sakaci, abin da ya rage shi ne kisa, kuma kisa yana bukatar mai yi.

Ba a sha wahalar samunsa ba. Ranar Talata da hantsi wuyan Malam ya riƙe, ya aika a kira Sagiru wanzami ya kafa masa ƙaho. Sagiru ya yi tsaga kamar yadda ya saba, ya cire ƙaho, jini ya ƙi tsayawa. Aka danna toka, aka ɗaura tsumma, sai hanci ya ɓalle, dasashi ya biyo baya. Kafin keken a-daidaita-sahu ya kai su Gaya, rai ya yi halinsa.

Duk manomin da ke wannan yanki ya san abin da ke hana jini daskarewa, wato dafin kububuwa. Kuma kowa ya tuna cewa Malam ya daɗe yana wa'azi a daina cire wa jarirai beli, aikin da gidan su Sagiru suka gada kaka da kakanni. Kafin a dawo daga maƙabarta an gama shari'a a hanya: wanzami ya shafa wa askarsa dafi. Mai unguwa Tukur ya kulle shi a ɗakin ajiyar buhuna, ya ce don kare lafiyarsa. Mu'az, babban ɗan Malam da ke aiki a Kano, ya ce ana gama sadakar uku zai miƙa shi ga 'yan sanda.

*

Washegari mai unguwa ya aika a kira Ɗantani mai bin sawu. A da, in an kore wa mutum shanu, Ɗantani ake nema, ya sunkuya ya bi ƙasa har turken da aka ɗaure su. Yanzu ɓarayi a mota suke zuwa, kwalta kuma ba ta riƙe amana, sai aikinsa ya koma neman awakin da suka shiga gonar maƙwabci.

"An ga kafa a dangar bayan ɗakin Malam," in ji mai unguwa. "Ni ban ma san da ita ba sai yau. Lalle ta nan aka miƙo wa wanzamin dafin. Ka bi mana sawun, mu haɗa shi da abokin aikinsa."

"Ranka ya daɗe, wa ya taka wurin tun jiya?"

"Babu kowa. Zo in nuna maka."

Ya nuna masa kuwa. Mai unguwa ne kaɗai mai takalmi sau ciki a garin, tsarabar aikin Hajji, kuma da shi ya yi ta kai da kawo tsakanin kafar da tagar ɗakin, yana nuni da sanda yana bayani, har sai da ya tabbata ya taimaka. Ɗantani ya yi godiya, ya jira ya tafi.

Damina ce, ƙasa na da laushi, kuma rabon sama da zubo ruwa tun yayyafin ranar Litinin. A gefe, inda taimakon mai unguwa bai kai ba, akwai sauran abin karantawa. Ɗantani ya ga sawun silifas ƙarami da ɗigon sanda a gefensa. Ya ga wani na takalmin taya, ya fito daga inda aka jingine keke. Dukansu sun zo bakin kafa sun tsaya, an ajiye takalman a jere, daga nan sai tafin ƙafa zalla. A ƙarƙashin taga yatsu sun nutse, dunduniya ta ɗaga. Masu sawun sun tsuguna, kuma sun daɗe a tsugune.

Ɗantani ya sosa ƙeya. Ya bi ɓarayi iri-iri a rayuwarsa, amma bai taɓa cin karo da wanda ya tuɓe takalmi ya durƙusa gaisuwa ba.

*

Sagiru na zaune a kan buhun gero, ya haɗa kai da gwiwa.

"Ka taɓa bi ta bayan gidan Malam?" Ɗantani ya tambaye shi ta kafar ƙofa.

"Me zai kai ni? Ta zaure na shiga da sallama, ta zaure na fito."

"An ce kuna 'yar tsama."

"A kan beli? Haba Ɗantani. Ya yi wa'azinsa, na ji haushi, na kuma ci gaba da aske masa kai duk Juma'a. In kashe shi nake so, ai maƙogwaronsa ya sha kwana a hannuna. Na tambaye shi fa. Na ga wasu shuɗɗan tabbai a damtsensa, na ce Malam, akwai abin da kake sha? Ya ce babu sai addu'a."

"Askar fa?"

"Tana wajen mai unguwa. Da ita na aske jaririn gidan Baiwa da safiyar ranar, ga yaro can yana tsotso. Na faɗa musu, suka ce ai bayan nan na shafa." Ya ɗago. "Yarana sun ci abinci kuwa?"

Ɗantani bai sani ba, sai ya ce sun ci.

Don ya cika umarni, ya hau babur ɗin haya zuwa Kademi wajen gardin da ake raɗe-raɗin shi ya sayar da dafin. Ya tarar da tsoho yana gyangyaɗi kusa da kwandonsa. Macizan ba su da haƙori, mai su ma haka, kuma rabonsa da Tudun Gawo tun kafin a kawo waya. Ɗantani ya dawo ya bi ɗigon sanda.

*

Sandar ta kai shi ƙofar Hajo, yayar Malam, tsohuwar da ta goya shi yana jariri kuma ba ta taɓa barin ya manta ba.

"Gwaggo, kin je bayan ɗakin Malam?"

"In na je fa? Ƙanena ne ko ƙanenka?"

"Ga ƙofa, me ya kai ki danga?"

"Wannan ɗan nasa mai baƙin gilashi! Tun da likitocin Kano suka ce zuciyar ubansa na tsalle, suka ɗora shi a kan wata 'yar ƙwaya kamar ƙwayar gero, ya kafa doka wai kada wanda ya ba shi komai. Ya sa almajiran zaure su riƙa leƙa hannun mutane. Ni za a leƙa wa hannu? Ina kallo ƙanena na ramewa?"

Ta jawo wata farar kwalbar roba daga cikin kwalla. An zana wata jar lemar kwaɗi a jikinta, mai sheƙi kamar an shafa mata mai, da rubutun Turanci ƙanana.

"A kasuwar Gaya na saya, wajen mai mota da lasifika. Daga ƙasar Sin ake kawo shi. Ya ce sarakunansu da shi suke kai shekara ɗari. Yana wanke jini, yana gyara zuciya, kuma tsiro ne, ba ya illa. Kullum da hantsi nake kai masa."

"Yana sha?"

"A gabana. Ina tashi ne bai haɗiye ba? Ya kan ce, Yaya, na sha wani ɗazu. In ce wancan daban, nawa daban." Ta share ido da gefen mayafi. "Har Hure matarsa na saya wa, take fasa masa a kunu. Da ba don wannan la'anannen wanzami ba, da yanzu ya miƙe."

Takalmin taya na Abdulmumin ne, mataimakin Malam a makaranta. Shi bai yi gardama ba. Ya shiga ɗaki ya fito da irin kwalbar.

"Bayan la'asar nake kai masa. Mai maganin ya ce mai ciwon zuciya ya ninka. Ya kuma ce kada a faɗa wa likita, wai kishi suke yi." Ya dubi ƙasa. "Ranar nan Malam ya ce mini, Abdulmumin, cikina ya gaji. Na ce Malam, daure, don Allah. Sai ya yi murmushi ya karɓa. Ka san shi, bai iya mayar da hannun kyauta baya ba."

*

Ɗantani yana da 'yar wa, Naja'atu, ma'aikaciyar jinya a wani ɗakin shan magani a Gaya. Ya same ta tana wanke hannu, ya ajiye mata kwalaben ya ba ta labari. Ta juya ɗaya ta karanta bayanta, ta zauna.

"Baffa, ƙwayar da aka ba Malam ta tsinka jini ce, don kada ya yi gudaji ya toshe masa jijiya. Mai shan ta, ko haƙori zai cire sai likita ya sani. Ita kaɗai ta isa a hana shi ƙaho."

"Wannan ɗin fa?"

"Wannan ma ana gargaɗi a kansa, yana iya ƙara tsinka jinin. Ga shi nan su da kansu sun rubuta, mai shan maganin jini ya tambayi likita tukuna, wanda za a yi wa aiki ya dakata. Sun rubuta da Turancin da ko ni sai na matse ido. Kuma wannan in abin da ke ciki shi ne abin da aka zana. Na bayan mota, wa ya auna?" Ta girgiza kwalbar. "Mutum nawa ke ba shi?"

"Waɗanda na sani, yayarsa, matarsa, da ɗalibinsa. Kowa na ganin shi kaɗai ne."

"Inna lillahi. Tabban da wanzamin ya gani, jini ne ke tsattsafa a ƙarƙashin fata. Da an kawo shi a ranar..." Ta bar maganar.

"Za ki zo ki faɗa a gaban mai unguwa?"

"In ce me? Ban duba shi ba, an riga an binne shi, ba zan rantse a kan abin da ban auna ba. Abin da zan iya faɗa shi ne ba sai da kububuwa jini ke yin haka ba. Ka faɗa musu ni na ce." Ta miƙa masa kwalaben. "Kuma ka ce su daina. Duk wanda ke shan maganin asibiti, ya kawo abin da ake ɗura masa a gida mu gani. Ba ma kishi, Baffa, gajiya muke yi."

*

Da yamma ya koma bayan dangar, don akwai abin da ke masa susa. Rana ta karkata, haske ya kwanta a ƙasa, lokacin da kowane rami ke fito da inuwarsa. Sawun sau ciki ya cika wurin, bakinsa garau, na safiyar yau. Amma a gindin zogalen da ke jikin tagar akwai guda biyu a jere, sun fuskanci ɗaki, kuma cikinsu duk 'yan ƙananan ramuka ne kamar fuskar mai zanzana. Ɗigon ruwan sama ne ya sauka a kansu. Mai takalmin ya tsaya a nan tun kafin yayyafin Litinin, lokacin Malam na da rai, lokacin da, a faɗarsa, bai san da kafar ba. Shi bai tuɓe takalmi ba, bai kuma tsuguna ba. Mai unguwa ne, a tsaye yake dubiya.

Ɗantani ya daɗe a wurin. Ya fi son a ce ɓarawo ya gano.

*

Bayan sadakar uku aka taru a zauren mai unguwa. Mu'az na gefe da makullin mota a hannu. Hajo ta zauna a bakin ƙofa, Abdulmumin ya raɓe a lungu, dattawa suka jeru a tabarma. Aka fito da Sagiru, garin gero duk a rigarsa.

Ɗantani ya ajiye kwalabe biyu a tsakiya, ya faɗi abin da ƙasa ta nuna masa da abin da Naja'atu ta ce, bai ƙara ba bai rage ba. Mu'az ya miƙe tsaye.

"Gwaggo! Ban ce kada a ba shi komai ba? Ban faɗa ba?"

"Ka faɗa wa wa? Ka ce zai mutu in ya sha? Ka ce kawai doka ce, ka hau motarka."

"Wallahi duk wanda ya sa hannu, har ke, sai ya yi bayani a ofishin 'yan sanda."

"To ka fara da uwarka," in ji Hajo. "Tana ciki tana takaba. Ita ke fasa masa a kunu. Je ka ɗauko ta."

Mu'az ya mayar da makullin aljihu. Ya nemi wurin zamansa a hankali, kamar wanda aka ce kada ya motsa da ƙarfi.

"Akwai saura," in ji Ɗantani. "Akwai sawu na uku a bakin tagar, wanda ruwan Litinin ya doka. Sau ciki ne."

Babu wanda ya kalli ƙafar mai unguwa. Dattawa suka dage wajen kallon rufin zaure, har wani ya lura akwai azarar da ke son canji. Mai unguwa ya gyara babbar riga, ya yi gyaran murya.

"Malam aminina ne tun muna allo. In na kai masa abin alheri, ban yi abin kunya ba. Amma Ɗantani, sawu aka ce ka bi, ba a aike ka karatun likita ba. In tambaye ka. Kafin ƙahon nan, Malam na da rai?"

"Yana da rai, ranka ya daɗe."

"Wa ya fitar da jinin?"

"Aska. Amma ga wuyana, a kawo ta a tsaga ni yanzu a gaban kowa, mu ga ko jinin zai tsaya."

"Ai dafin ya ƙare a jikin Malam," wani dattijo ya ce, sauran suka gyaɗa kai, don magana ce mai ma'ana.

Kowa ya yi lissafinsa a zuci. In maganar Ɗantani ta tabbata, to yaya ta kashe ƙanenta, mata ta kashe mijinta, ɗalibi ya kashe malaminsa, mai unguwa ya taya su, kuma duk wanda ya taɓa shiga gidan mara lafiya da ƙulli sai ya kwana yana tuno fuskoki. In ba ta tabbata ba, wanzami ne guda ɗaya.

Mai unguwa ya juya ga Mu'az. "Ɗana, mahaifinka mutum ne mai yafiya. Me ka ce?"

Mu'az bai ɗago ba. "A bar maganar 'yan sanda."

"Allah ya yi maka albarka. Sagiru, ka ji. Iyalan Malam sun yafe maka, gari ma ya yafe. Ba za a kai ka ko'ina ba. Sai dai zukata sun ɗau zafi, babu wanda zai sake miƙa maka kansa ko jaririnsa. Ka nemi wani wuri, ka ji tsoron Allah a can. Ka gode wa jama'a."

Sagiru ya dubi Ɗantani, ya dubi Abdulmumin. Abdulmumin na kuka ba sauti, ya kuma kawar da kai.

"Na gode," in ji Sagiru.

Aka shafa fatiha. Wajen fita Hajo ta sunkuya ta ɗauki kwalbarta, ta girgiza ta kusa da kunne. Akwai saura, kuma Bubayero na ƙofar gabas na kwance da hawan jini.

*

Da safe Ɗantani ya tarar da su Sagiru a hanyar Kademi, an wuce gonakin gari. Matar Sagiru na gaba da tukwane a ka, yara na jan akuya, shi kuma ya rataya zabirar da ya gada wajen ubansa. An mayar masa da askarsa, don babu wanda ya yarda ta kwana a gidansa.

"Ka faɗi abin da ka gani," Sagiru ya ce. "Ba ka da laifi."

Ɗantani ya cire hula ya zauna a kan tushen wata ɗorawa. "Kaina ya yi gashi."

Sagiru ya dube shi. Sannan ya ce wa iyalinsa su jira a inuwa, ya kwance zabira, ya jiƙa kan da ruwan gora, ya wasa askar a tafin hannu. Bai saba yanke mutum ba, amma yau sai ya ɗan yanke shi a bayan kunne. Jini ya fito ɗigo guda. Su biyun suka tsaya, shi yana kallo, Ɗantani yana jin sanyinsa, har ya daskare ya yi baƙi. Ba kowa a hanyar sai akuya.

Sagiru ya ƙarasa askin, ya goge askar, ya naɗe ta. Ya ce Ɗantani ya faɗa wa Baiwa kada ta bar ruwa ya taɓa cibiyar jaririn nan tukuna. Sai ya ɗora ƙaramin ɗansa a wuya, ya karɓi igiyar akuya, suka ci gaba da tafiya.